Shawara ga Sabon Zuwa Mai Shirin GRE ko GMAT: Lissafin Rashin Daidaito da Tazarar Lamba

Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu da ke isowa Amurka ko Kanada da digirin farko a hannu, ko daga Jami'ar Bayero ko Ahmadu Bello ko Abdou Moumouni ta Yamai, ba sa daɗewa sai su fara tunanin ƙaro digiri na biyu, a nan kuma suke cin karo da jarrabawar GRE wadda hukumar ETS ke shiryawa, ko GMAT ta hukumar GMAC wadda makarantun koyon kasuwanci suka fi nema. Kafin mutum ya fitar da kuɗinsa, domin kowace daga cikinsu ta haura dala 200, ya kamata ya fara duba shafin sashen da yake son shiga, saboda tun daga shekarar 2020 sassa masu yawa sun daina tilasta wa masu nema kawo sakamakon. Wanda ya tabbatar ana buƙatarta, to ya san fasalinta. Tun watan Satumban 2023 aka gajarta GRE ta koma ƙasa da awa 2, kuma ɓangaren lissafinta tambayoyi 27 ne cikin minti 47, ana ba da maki daga 130 zuwa 170. GMAT kuwa, a sabon tsarinta da ya fara a ƙarshen 2023, tana da tambayoyin lissafi 21 cikin minti 45, ba a kuma yarda da kalkuleta a wannan ɓangaren ba. Idan aka raba lokacin, kowace tambaya tana samun wajen minti 2 ne, a GRE ma bai kai haka ba.

Abin da na lura da shi a zaman da nake yi da masu shiri shi ne, lissafin da ke cikin waɗannan jarrabawa bai wuce wanda aka koya mana a sakandare ba, amma akwai fanni guda da yake kayar da mutanen da suka yi fice a WAEC, wato tambayoyin rashin daidaito masu alamar < da >, da kuma tambayoyin da ake killace lamba tsakanin sanduna biyu kamar |x|. Dalilin faɗuwar ɗabi'a ce da muka taso da ita. Mun koyi ƙirge da kuɗi da buhuna da kawunan dabbobi, saboda haka da zarar ido ya ga harafin x, zuciya takan ɗauke shi a matsayin 2 ko 5 ko 10, cikakkiyar lamba mai sama da sifili. Masu tsara tambayoyin sun san wannan sarai, kuma a daidai wurin suke ɗana tarkonsu, domin x yana iya zama sifili, ko rabi, ko lambar ƙasa da sifili.

Sabon zuwa yana da wani malami da ba ya karɓar kuɗi, shi ne hunturun ƙasar nan. Wanda ya kwana ɗaya a Minesota ko Toranto cikin watan Janairu ba ya buƙatar a yi masa bayanin cewa −15 ya fi −3 ƙanƙanta, domin fatarsa ta riga ta gaya masa. Haka ma bashi yake: wanda ake bi dala 500 ya fi wanda ake bi dala 50 nisa a cikin rami, ko da yake 500 ta fi 50 girma a ido. Daga nan ne ƙa'ida ta farko ta fito, wadda kowa ya haddace amma kaɗan ne suke tunawa da ita idan agogo yana gudu. Ana iya ƙara lamba ko rage ta a ɓangarori biyu ba tare da alamar ta motsa ba, ana kuma iya ninkawa ko rabawa da lambar sama da sifili, amma idan aka ninka ko aka raba da lambar ƙasa da sifili, dole alamar ta juya. Saboda haka −2x > 6 yana nufin x < −3, kuma mai shakka ya gwada −4, zai ga ta ba shi 8, wadda ta fi 6.

Wannan misali mai sauƙi ne domin alamar ragi tana fili. Inda ake yin asara shi ne lokacin da ta ɓuya cikin harafi. A ce an ba ka x/y > 1, aka tambaye ka ko x ya fi y. Hannu zai yi saurin ninka ɓangarorin da y ya rubuta x > y, alhali ba a faɗa mana ko y tana sama ko ƙasa da sifili ba. Idan x ya zama −4, y kuma −2, rabon zai ba da 2, sharaɗin ya cika, amma x ne ƙarami. Shawarata ita ce mutum ya hana kansa ninkawa ko rabawa da harafi a cikin rashin daidaito har sai tambayar ta tabbatar masa da alamar harafin, idan kuwa ba ta tabbatar ba, ya raba aikin gida biyu ya bi kowanne. Haka nan idan aka ce x² > 3x, wanda ya soke x a ɓangarori biyu zai tsira da x > 3 kawai, ya zubar da dukkan lambobin ƙasa da sifili, waɗanda su ma sun cika sharaɗin. Hanya mai aminci ita ce a tattara komai ɓangare ɗaya, a samu x(x − 3) > 0, a sa alama a kan 0 da 3 bisa layin lambobi, sannan a gwada lamba ɗaya daga kowane yanki cikin ukun da aka samu.

Akwai wata matsala ta musamman ga 'yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi da suka yi karatu da Faransanci, kuma ban cika jin ana ambatarta ba. A tsarin Faransa, kalmar da ake kiran lambobin sama da sifili da ita tana haɗawa da sifilin kansa sai an ƙara kalmar tsanantawa, haka ma kalmar "ya fi" takan ƙunshi "ya yi daidai da". A lissafin Amurka ba haka ba ne, sifili ba ya cikin na sama ba ya cikin na ƙasa, kuma > ba ta taɓa ɗaukar ma'anar ≥. Ƙari a kan haka, inda ɗan Maraɗi ya saba rubuta 2,5 da waƙafi, a nan 2.5 ake rubutawa da ɗigo, waƙafi kuma na raba dubbai ne. Wannan bambanci ƙarami ne a takarda, amma tambaya guda da ta rataya a kan ko sifili yana ciki ko ba ya ciki ta isa ta rage maki.

Batun sanduna biyu shi ne na fi son a tsaya a kansa, domin yadda aka koya wa yawancinmu shi, wato "a cire alamar ragi", yana aiki ne kawai idan lamba ce tsirara a ciki. Ma'anar da ke warware kowace tambaya ita ce tazara. |x| yana nufin nisan x daga sifili, |x − 3| kuma nisan x daga 3, kamar yadda direba zai ce yana da kilomita 5 tsakaninsa da Kwanar Ɗangora ba tare da ya faɗi ko ta wajen Kano yake ko ta wajen Zariya ba. Nisa ba ya zama ƙasa da sifili, kuma duk nisan da ya wuce sifili yana da wurare biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Da wannan fahimta, |x − 3| < 5 ba ya buƙatar dogon aiki: a tsaya a kan 3, a taka 5 zuwa dama a isa 8, a taka 5 zuwa hagu a isa −2, amsar ita ce duk abin da ke tsakani, −2 < x < 8. Idan tambayar ta nemi adadin cikakkun lambobin da ke ciki, 9 ne, daga −1 zuwa 7, kuma masu samun 8 galibi sifili suka tsallake, masu samun 11 kuma sun shigar da iyakokin biyu da ba a ba su izini ba. A lura cewa |x + 4| nisa ne daga −4, ba daga 4 ba.

Idan alamar ta juya ta zama "ya fi", amsar takan tsage gida biyu, ta bar tsakiya fayau. |2x + 1| > 7 yana nufin ko dai 2x + 1 > 7, wanda ke ba da x > 3, ko kuma 2x + 1 < −7, wanda ke ba da x < −4. Kuskuren da nake yawan gani shi ne a haɗa su a layi ɗaya a rubuta 3 < x < −4, maganar da ba ta da ma'ana, tunda babu lambar da ta fi 3 kuma ta gaza −4. Tunanin tazara yana kuma sauƙaƙa tambayoyin da suke da ban tsoro a ido. Idan aka nemi mafi ƙanƙantar ƙimar |x − 1| + |x − 5|, a ɗauka garuruwa biyu ne a kan hanya ɗaya, ɗaya a kan 1 ɗaya a kan 5. Duk wanda ya tsaya a tsakaninsu, jimlar nisansa zuwa garuruwan 4 ce, wanda ya fita waje kuma sai jimlar ta ƙaru, don haka amsar 4 ce ba tare da an rubuta layi ɗaya na aljabara ba.

Sai dai akwai wurin da dole a koma ga gwaji, wato idan harafin ya bayyana a ciki da wajen sandunan. A ɗauki |x − 1| = 2x + 4. Hanya ta farko, x − 1 = 2x + 4, tana ba da −5, ta biyu kuma, 1 − x = 2x + 4, tana ba da −1. Wanda ya yi gaggawa zai ce amsoshi biyu ne, amma idan aka mayar da −5 cikin tambayar, hagu zai ba da 6, dama kuma −6, kuma nisa ba ya zama −6. Saura −1 ita kaɗai. Wannan gwaji bai wuce daƙiƙa 15 ba, kuma ina ganin babu wasu daƙiƙu a dukan jarrabawar da suka fi su riba. Dangin wannan shi ne x² < 25, wanda amsarsa −5 < x < 5 ce, domin tushen x² shi ne |x|, ba x ba.

Game da tambayoyin iyaka, inda za a ce −3 ≤ a ≤ 2 kuma −5 ≤ b ≤ 4 a nemi mafi girman ab, kada a ninka manyan biyu a tsaya a kan 8. A ninka kowace iyakar a da kowace iyakar b, sau huɗu ke nan, za a samu 15 da −12 da −10 da 8, mafi girma 15, mafi ƙanƙanta −12.

Kowace jarrabawa tana da irin tambayar da take gwada wannan ɗabi'a da ita. A GRE akwai tambayar kwatanta adadi biyu, inda zaɓi huɗu ne kullum: na farko ya fi, na biyu ya fi, daidai suke, ko bayanin bai isa a yanke hukunci ba. Idan aka ce x > 0 aka kwatanta x² da x, wanda ya gwada 2 da 3 kawai zai zaɓi na farko, amma rabi idan aka ninka shi da kansa rubu'i yake bayarwa, 1 kuma tana ba da daidai, don haka zaɓi na huɗu ne amsar. Aikin ɗalibi a nan shi ne ya nemi lambar da za ta ƙaryata amsarsa ta farko, kuma ina ba da shawarar ya riƙe lambobi bakwai a ka, −2 da −1 da −½ da 0 da ½ da 1 da 2, ya riƙa bi ta kansu har ya zama jiki. A GMAT kuwa akwai tambayar isar bayani, wadda yanzu take cikin ɓangaren nazarin bayanai, inda ake ba da jimloli biyu a tambayi ko sun isa a amsa. A ce tambayar ita ce ko x > 0, jimla ta farko ta ce |x| = x, ta biyu ta ce x² > x. Ta farko ba ta isa ba saboda sifili ya cika ta, ta biyu ba ta isa ba saboda −2 da 2 duk sun cika ta, amma idan aka haɗa su, ta farko ta kori na ƙasa da sifili, ta biyu ta kori sifili, sai amsa ta tabbata.

Wajen kayan shiri, sabon zuwa ba ya buƙatar biyan kuɗin darasi tun daga farko. ETS tana ba da gwajin POWERPREP da littafin bitar lissafi kyauta a shafinta, GMAC ma tana ba da cikakkun gwaji biyu kyauta, ɗakunan karatu na gari kuma suna ba da aron littattafan shiri ga duk mai katinsu, katin da mazaunin gari ke samu kyauta. Abin da ya fi yawan littattafai amfani shi ne ƙaramin littafin rubutu da mutum zai riƙa rubuta kowace tambaya da ya faɗi tare da dalilin faɗuwar, ko mantawa da juya alama, ko tsallake sifili, ko ƙin gwada amsa, domin bayan mako biyu zai ga kurakuransa iri biyu ne ko uku suke ta maimaituwa. Ya kuma saba da zana layin lambobi da hannu cikin sauri, tunda kalkuletar da GRE ke bayarwa a allon kwamfuta ba ta san komai game da juyawar alama ba.

Ranar rajista, a rubuta suna harafi da harafi kamar yadda yake a fasfo, domin mu masu rubuta Muhammad a wata takarda da Mohammed a wata, ko masu sa sunan gari a matsayin sunan iyali, ana iya hana mu shiga ɗakin jarrabawa saboda wannan saɓani, kuɗin kuma ya tafi. A zaɓi lokacin zama da la'akari da salla, musamman cikin hunturu da la'asar ke shiga da wuri, saboda sabuwar GRE ba ta da hutu a tsakiya, GMAT kuma hutu ɗaya ne na minti 10. Sakamakon kowace yana aiki shekara 5, kuma wanda bai gamsu da makinsa na GRE ba yana iya sake zama bayan kwana 21, har sau 5 cikin wata 12.