Yadda Matafiyi Zai Yi Hulɗa da 'Yan Sanda da Jami'ai a Ƙasar Waje

Duk wanda ya sauka a ƙasar da ba tasa ba ya shiga ƙarƙashin dokokinta tun daga lokacin da ya miƙa fasfo ga jami'in shige da fice, kuma rashin sanin doka ba ya zama uzuri a gaban alƙali. Don haka shiri yana farawa tun daga gida. Ka duba wa'adin fasfonka, domin ƙasashe da yawa suna so a ce aƙalla wata 6 ne suka rage masa. Ka ɗauki hoton shafin bayananka da na biza, ka ajiye a jakar da ba ta fasfon ba, sannan ka rubuta lambar ofishin jakadancin ƙasarku a takarda, saboda cajin waya yana iya ƙarewa, ko ma a karɓe ta daga hannunka.

A wurin shige da fice, ka amsa abin da aka tambaye ka kawai, kuma amsar ta yi daidai da abin da ka rubuta lokacin neman biza: abin da ya kawo ka, inda za ka sauka, da ranar komawarka. Mai gajeriyar ziyara a yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, ba zai wuce kwana 90 ba cikin kowane kwana 180. A wurin kwastan kuma, wanda zai shiga Tarayyar Turai da tsabar kuɗin da suka kai Yuro 10,000, ko Amurka da fiye da Dala 10,000, dole ya bayyana su. Ɗaukar kuɗin ba laifi ba ne, ɓoye su ne laifin. Magunguna irin su taramadol da kodin sun jefa matafiya cikin matsala a Masar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, don haka ka bar magani a kwalinsa tare da takardar likita. Abin da na fi jin tsoronsa ga matafiyi shi ne karɓar saƙon da bai buɗe ya gani da idonsa ba, ko da daga hannun wanda ya yarda da shi ne, domin Saudiyya da Singafo suna yanke hukuncin kisa kan safarar miyagun ƙwayoyi.

Idan ɗan sanda ya tsayar da kai, ka tsaya, ka sassauta murya, ka bar hannuwanka inda zai gan su. A Amurka, direban da aka tsayar yana zama ne a cikin mota hannuwansa bisa sitiyari, kuma yana faɗa wa jami'in kafin ya miƙa hannu ya ɗauko takarda. Idan kuwa mai farin kaya ne ya tare ka, ya ce shi ɗan sanda ne, yana neman duba walat ɗinka, ka nemi ganin katin shaidarsa cikin ladabi, ka ce ku je caji ofis mafi kusa, domin 'yan damfara ba sa yarda a kai su can. Kada ka taɓa miƙa na goro. Idan tara ce, ka nemi rasit.

Idan har aka tsare ka, Sashe na 36 na yarjejeniyar ƙasa da ƙasa da aka ƙulla a birnin Biyana a 1963 kan hulɗar ƙananan ofisoshin jakadanci ya ba ka damar neman a sanar da jami'an ƙasarku ba tare da ɓata lokaci ba. Sai dai kai ne za ka buɗe baki ka nema, kuma ka maimaita har a rubuta. Ka nemi tafinta da lauya, kuma komai gajiyarka, komai alƙawarin cewa za a sake ka nan take, kada ka sa hannu a takardar da aka rubuta da harshen da ba ka karantawa, domin tana iya zama amsa laifi, kuma janye ta daga baya yana da wuya ƙwarai.

Jami'in jakadanci ba shi da ikon fitar da kai daga hannun hukuma, kuma ba zai biya maka tara ba. Abin da yake iya yi shi ne ya ziyarce ka, ya taimaka maka wajen samun lauya, ya sanar da iyalinka idan ka amince. Idan kuma fasfo ne ya ɓace, ka fara kai rahoto ga 'yan sanda ka karɓi takardar shaida, domin galibi ana neman ganinta kafin a ba ka takardar tafiya ta gaggawa da za ka koma gida da ita.