Yadda za ka kare fenti da cikin sabuwar mota daga rana da ƙurar Maradi

Babu abin da ke saurin kashe fentin sabuwar mota a Maradi kamar busasshen tsumma. Lokacin hunturu mota ta kwana a tsakar gida, ta wayi gari fari fat da ƙura, sai direba ko yaron gida ya ɗauko tsohuwar riga ya bi ta da guga, da niyyar alheri. Ƙurar nan kuwa rairayi ne mai laushi, kuma ya fi fenti tauri. Bayan wata biyu ko uku, tsayar da motar a rana ka sunkuya ka dubi kapo, wato murfin inji: za ka ga siraran zane masu zagaye kamar saƙar gizo-gizo. Aikin tsumman ke nan.

Fentin mota hawa-hawa ne: shafen da ke hana tsatsa, na share fage, launi, sannan fatar ƙyalli a sama, wadda ba ta da launi. Kaurinsu duka bai cika wuce maikron 100 zuwa 150 ba, wato kamar takarda ɗaya. Fatar ƙyallin kaɗai tana wajen maikron 40 zuwa 50, kuma ita ce ke tare hasken rana. Ranar da ta ƙare, launi ya dushe, rufin mota ya fara ɓarewa fari-fari, sai dai sabon fenti. Duk dabarun da ke tafe don a adana wannan siririyar fata ne.

Fara da wanki, domin in shi bai gyaru ba, duk kuɗin da ka zuba a sauran sun tafi a banza. Ka wanke mota da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, a inuwa, ƙarfen jikinta da sanyi. Ka kwarara ruwa daga rufi zuwa ƙasa har ƙurar ta sauka da kanta kafin hannu ya taɓa ta. Ka tanadi bokiti biyu: ɗaya da sabulun mota na ruwa, kamar mililita 30 a lita 10 ko yadda aka rubuta a jikin robar, ɗaya kuma ruwa zalla. Duk lokacin da ka wanke ƙofa ɗaya, ka ɗauraye tsumman a ruwa zalla kafin ka mayar da shi cikin kumfa, don yashin ya kwanta a gindin wancan bokitin. Tsumma ya zama maikrofaiba, wato mai laushin nan mai ƙananan zare da ake sayarwa don goge mota, ka riƙa jansa a miƙe, kada ka murza a zagaye. Tayoyi da gindin ƙofofi su ne na ƙarshe, kuma da nasu tsumman daban. Omo da sabulun wanke-wanke suna cinye kakin da ka shafa, suna busar da robobin gilashi, don haka in za ka kai ta wurin masu wanki, tafi da sabulunka da tsummanka. Kada ka bar ruwa ya bushe da kansa: ruwan rijiya da na foraji yakan zo da gishirin ƙasa, rana na busar da shi sai ya bar farare-fararen tabo masu cin fenti. Tsane da babban busasshen maikrofaiba nan take.

Inuwar dogon yaro tana da daɗi a watan Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40, amma tana zuwa da kashin tsuntsu da na jemage da ɗigon itace. A kan ƙarfe mai zafi, kashin tsuntsu na iya barin shaida cikin yini ɗaya. Kada ka kankare shi. Jiƙa tsumma ka ɗora a kai minti biyar, ka ɗauke shi a hankali. Rumfar kwano a gida ta fi komai. Tamfol kuma a kan wankakkiyar mota kaɗai ake sa shi. In ka lulluɓe ta da ƙurarta, iska na kaɗa shi yana goge fentin har gari ya waye.

A makon farko za ka yanke shawarar irin kariyar da za ka sa, tun fentin bai ji rauni ba. Kakin mota shi ne mai araha: a shafa siriri da soso, a bari ya yi hazo, a goge. A zafinmu da wuya ya kai wata biyu. Akwai shafen roba na kwalba da ke kai wata huɗu zuwa shida.

Sai siramik, wanda ake yawan tallatawa yanzu. Ruwa ne mai sinadarin silika da ke daskarewa a kan fenti, ya sa ƙura da laka su rage kamawa, kuma mai kyau yakan yi shekara biyu ko fiye. Kwalbar mililita 30 ta ishi ƙaramar mota irin Corolla, Hilux ko Land Cruiser kuma 50. Wahalarsa a shiri take. A wanke motar, a bi ta da yumɓun goge fenti da ruwan kumfa har tafin hannu ya daina jin gurzi, a yi folish mai sauƙi in akwai zane, sannan a share da alkol da aka sirka, kashi ɗaya a ruwa kashi huɗu, don cire maiƙo. Duk zanen da aka bari, siramik zai rufe shi a ƙarƙashinsa ya zauna. Ana shafawa a ɗan fili kamar santimita 50 a 50, a tsaye sannan a kwance. Da ya fara nuna launin bakan gizo, a goge da tsumma ɗaya, a bi da na biyu. A ƙasashen sanyi ana jira minti ɗaya zuwa biyu; a Maradi yakan kama kafin haka, shi ya sa aikin na rufaffen gareji ne da sanyin safiya, kuma ba ranar da hazo ya sauko ba. Wurin da aka makara za ka gan shi ya yi duhu-duhu kamar tabon mai, kuma in ya kwana sai injin folish ya fitar da shi. Ruwa kada ya taɓa motar awa 24, sabulu kuma sai bayan mako guda.

Wanda ya ce maka siramik zai tare dutse, ya faɗi abin da ba haka ba. Mai bin hanyoyin tsakuwa da jar ƙasa na ƙauyuka, ko mai yawan bin bayan manyan motoci a kan hanyar Ɗan Isa ko ta Damagaram, ledar kariya yake buƙata. Roba ce garai-garai mai kaurin maikron 150 zuwa 200, ana manna ta da ruwan sabulu. Ba sai an rufe mota duka ba: bamban gaba, goshin kapo, bayan maduban gefe, bakin ƙofofi da ramin mariƙi inda farce ke karta. In za a haɗa biyun, leda ce farko, siramik a kanta. Ka tsaya a kan mai aikin kada ya yanka ledar da reza a jikin fenti.

Ledar canza launi daban ce, ta fi siranta, ado ce kawai. Mai araha takan ƙone a rufi da kapo, ta tsattsage, ɓare ta ya zama azaba. In an taɓa sake fentin wani ɓangare, a jira aƙalla wata guda zuwa biyu kafin a manna komai, in ba haka ba ledar na iya tasowa da fentin. Kafin ka canza launi ko ka baƙanta gilashi, je ofishin da ya ba ka takardun mota ka ji abin da doka ta yarda da shi. A ledar gilashi ma, duhu ba shi ne sanyi ba: mai rini takan koma launin shunayya ta yi ƙuraje, mai ƙarfe-ƙarfe na iya rage sabis ɗin waya, ta siramik kuwa tana tare zafi ko da ba ta yi duhu ba. Bayan an manna, kada a sauke gilashi kwana uku zuwa biyar.

A ciki, abu na farko shi ne cire ledar kamfani daga kujeru. Mun san daɗin a ga mota sabuwa ce, amma ledar na riƙe gumi da zafi, da damina ta jawo fumfuna da wari. Dashbod a rana na iya kai digiri 80, don haka sayi makarin rana mai ƙyalli na gilashin gaba tun ranar farko. Feshin da ke sa dashbod sheƙi yana da maiƙon da ke kama ƙura, yana kuma haska gilashi ya kashe wa direba ido. Tsumma mai ɗan danshi ya wadatar. Turaren mai in ya ɗiga a roba yakan cinye ta, kasko da garwashi kuwa ba su da wuri a cikin mota. Fura ko nono in ya zube a kujerar yadi, a tsotse shi da tsumma nan da nan, a bi da ruwan sabulu kaɗan, a bar ƙofofi a buɗe a inuwa har ya bushe. In ya shige soso, warin na iya kai watanni.

Abubuwa biyu a nan sun shafi rai. Dubi gefen kujerun gaba: in ka ga an rubuta SRS AIRBAG, balan-balan ɗin kariya daga nan yake fitowa, kuma rigar kujera mai kauri da tela ya ɗinke gefenta za ta iya tare shi. A ɗinka mai buɗaɗɗen gefe. Haka kafet ɗin da ake shimfiɗawa a dashbod, kada ya rufe wurin balan-balan na fasinja. Na biyu, kada a ɗora tabarmar ƙafa a kan wata a gefen direba. A 2009 kamfanin Toyota ya kira motoci kusan miliyan 3.8 a Amurka saboda tabarma na iya danne totur. Ɗaya tak, ta roba mai baki da za ta tara yashi, a saƙale ta a ƙugiyoyinta.

Matatar iskar kilim, wato na'urar sanyaya mota, a yawancin motoci tana bayan akwatin da ke gaban fasinja, ana ciro ta da hannu. A irin ƙurarmu, duba ta duk sanda aka yi juyen mai, ka canza ta da zarar hunturu ya wuce. A jikinta akwai kibiya. Ka lura da inda ta tsohuwar ta fuskanta kafin ka zare ta, ka sa sabuwar haka.