Kurakuran masu fara tara tambur na tsibirai

Shekara talatin da ɗoriya ke nan ina tara tambur, wanda 'yan'uwanmu na Najeriya ke kira kan sarki, kuma ko da yake a Damagaram aka haife ni, inda babu teku ko kusa, tambur na tsibirai ne suka fi kwanta mini a rai. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na gaji da ganin ƙannena masu sha'awar wannan harka suna maimaita ɓarnar da na yi da hannuna.

Babban kuskure shi ne ɓamɓare tambur daga ambulan. Ina saurayi, kawuna ya ba ni wani ambulan da ya samu a wurin wani malamin makaranta mai musayar wasiƙu da ƙasashen waje, an aiko shi daga Tristan da Cunha, ɗauke da hatimin gidan waya na farkon 1961. Wannan tsibiri ba shi da filin jirgin sama, sai an yi kusan mako guda a teku daga Afirka ta Kudu kafin a isa, bai sami tambur nasa ba sai 1952, kuma a watan Oktoba na 1961 dutse ya yi aman wuta, aka kwashe mutanensa kaf zuwa Ingila, ba su koma ba sai 1963. Duk wannan tarihi yana jikin takardar nan, amma na jiƙa ta a kwano, na ɗauki tambur, na yar da sauran. Da kawu ya gani, cewa kawai ya yi: "Ɗana, ka yar da dawa ka riƙe dusa." Har yau raina yana ɓaci idan na tuna. Ku daina wannan aika-aika! Hatimi, kwanan wata da sunan garuruwan da wasiƙa ta ratsa su ne shaidar tafiyarta. Ni yanzu ba na jiƙa komai sai ambulan ya kwana bakwai a gabana ina dubawa.

Na biyu, ajiya. Littattafan Turawa ba su san zafin bazararmu ba, ba su san ƙurar hunturu ba, balle gara. Na taɓa jibge sababbin tambur na Pitcairn, wani tsibiri a tekun Pasifik, a cikin leda, na sa a adaka a ƙasan ɗaki. Da damina ta wuce sai na tarar danƙonsu ya narke, sun manne kamar an ɗinke su, gara kuma ta ci gefen kundin da nake jera tambur a ciki. Wanda ya sa salatif ko gam a bayan tambur ya kashe shi, kada ma ya kawo mini in duba. Al'adata ita ce in tsayar da kundi a tsaye cikin akwatin ƙarfe, a kan benci nesa da bango, in riƙa buɗe shi yana shan iska a inuwa sau ɗaya a wata.

Sai ruɗin kyawun hoto. Ana sayar da takardu masu sunan Staffa, wani tsibiri na Sikotland da babu mai zama a cikinsa, ba tambur na gidan waya ba ne. Kafin ku fitar da ko dala, ku duba Yvert et Tellier, littafin Faransa mai jera tambur na ƙasashen duniya. Wanda kuma ya ce zai sayar muku da tambur na tsibirin Moris (Mauritius) mai rubutun "Post Office" na 1847, ku sani ɗari biyar-biyar aka buga na kala biyu, waɗanda suka rage ba su kai talatin ba.

Kada ku taɓa tambur da yatsa, ku nemi hantsaki mai faɗin baki. Kada ku datse haƙoran gefen tambur da almakashi. Tsufa kaɗai ba ya kawo daraja. Kuma kada son tsibirai ya sa ku raina na gida, domin jerin tambur na Nijar na 1926, shekarar da aka mayar da babban birni daga Zinder zuwa Yamai, yana ɗauke da hoton barikin Zinder, wato Damagaram, kuma ambulan mai hatimin Zinder na wancan zamani yana iya kasancewa a adakar kakanninku.