Darasi na Tara: Rai Yakan Ɓaci, Yakan Yi Sanyi

Mai ƙosai ta fito da safe cikin fara'a, ciniki na tafiya. Can da hantsi wani yaro ya zo da gudu ya ture mata robar ƙulli, rabi ya zube a ƙasa. Ta yi ta faɗa har maƙwabta suka leƙo. Kafin azahar kuwa ga ta tana dariya, tana ba da labarin yadda yaron ya arce ya bar takalminsa ƙafa ɗaya.

Wannan mata lafiyarta ƙalau. Yunwa, rashin barci, zafin bazara da tunanin bashi duk sukan taɓa zuciya. Mai azumi ya san yadda fushi ke kusa bayan la'asar, ya kuma san yadda yake gushewa da an sha ruwa.

Abin lura shi ne, in rai ya ɓaci, yana dawowa daidai? Idan baƙin ciki ya zauna wa mutum kusan kullum har mako 2 ko fiye, abinci ba ya masa daɗi, barci ya gagara ko ya yi yawa, ya daina zuwa majalisa ko gidan biki, wannan ya wuce ɓacin rai. Likitoci suna kiransa ciwon damuwa, kuma ana maganinsa.

Mai jego ma takan yi kuka ba dalili 'yan kwanaki bayan haihuwa. Yawanci yakan wuce cikin mako 2. In bai wuce ba, a kai ta asibiti. Mun saba cewa "sai haƙuri", kuma haƙuri abu ne mai kyau, amma ai mai zazzaɓi ma ba a barinsa da haƙuri kawai.

A fara da asibitin da ke kusa. Akwai kuma asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, Dawanau ta Kano da Kware ta Sakkwato, kuma zuwa can ba ya nufin hauka. Wanda ya fara zancen kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi a ranar.

Aikin gida: Ku ja layi 14 a littafinku, kowace rana layi ɗaya. Bayan sallar isha'i ku rubuta "daɗi" ko "ɓacin rai", da abin da ya jawo shi. Wanda bai iya rubuta kalmar ba tukuna ya yi zagaye don daɗi, ya ja kara don ɓacin rai.