Yadda ake tafiyar da na'urar taimaka wa numfashi ba tare da ɓarna ba

A ɗakin kulawa ta musamman, ɗaya daga cikin abubuwan da suka fi cin kuɗi shi ne yawan kwanakin da majiyyaci yake yi a kan na'urar taimaka wa numfashi, domin kowace rana tana cin iskar oksijin da magunguna da lokacin ma'aikatan jinya, tana kuma ƙara haɗarin kamuwa da nimoniya, alhali wani yana jiran gadon. Saboda haka, tun ranar da aka saka bututu a maƙogwaro ya kamata likita ya fara shirin cire shi.

Kowace safiya, idan yanayin majiyyaci ya ba da dama, a rage ko a tsayar da maganin sa barci har ya farka ya iya bin umarni, kamar buɗe ido ko matse hannun ma'aikaciyar jinya. Wani bincike da aka yi a Shikago, aka buga a shekarar 2000, ya nuna cewa yin haka kullum ya rage zaman majiyyata a kan na'urar da fiye da kwana biyu. Idan ya farka kuma awon hawan jininsa bai faɗi ba, sai a sassauta taimakon na'urar a bar shi ya gwada numfashi da kansa na minti 30 zuwa awa biyu, ana tsaye a kansa. Da zarar numfashinsa ya haura sau 35 a minti, ko gumi ya keto masa, ko oksijin ɗin jininsa ya sauka, a mayar da saitin baya a sake gwadawa washegari. A ganina, wannan gwajin bai kamata ya jira zagayen babban likita ba, matuƙar akwai rubutacciyar ƙa'ida da ma'aikatan jinya za su bi.

Wajen saita na'urar, a auna tsawon majiyyaci da tef, domin girman huhu yana bin tsawo ne. Ga mai tsananin kumburin huhu, ana ba da kimanin mililita 6 na iska a kowane numfashi ga kowane kilo na nauyin da ya dace da tsawonsa, kuma babban binciken da aka yi a Amurka a 2000 ya gano cewa hakan ya rage mace-mace daga kusan kashi 40 cikin ɗari zuwa 31.

Oksijin ma magani ne, kuma yawansa yana cutarwa. Bai dace a bar shi a kan kashi ɗari ba alhali awon oksijin jini da ake yi a yatsa yana nuna 99, tun da 92 zuwa 96 ya wadatar da mafi yawan majiyyata. A riƙa bin mahaɗan bututu ana neman inda iska take zurarewa, kuma kada a canza bututan na'urar sai sun ɓaci ko sun yi datti. A ɗaga kan gado zuwa digiri 30 ko 45, a riƙa tsaftace baki.

A asibitocinmu da wuta take ɗaukewa ba sanarwa, wajibi ne a duba batirin na'urar da man janareta da silindar oksijin ta ko-ta-kwana a duk lokacin karɓar aiki, a kuma ajiye jakar hura iska ta hannu a gefen kowane gado.