Mai shirin tafiya Maleshiya karon farko, ga abin lura

Jama'a, kafin ku sayi tikiti ku fara da rigakafin cutar shawara. Katin shaidar rigakafin ba ya aiki sai allurar ta cika kwana 10, kuma Maleshiya na tambayar duk wanda ya taso daga Najeriya. Fasfo ma ya kasance da sauran aƙalla wata 6.

Zafin can ba irin na Kaduna ba ne. Akwai laima sosai, gumi ba ya bushewa, shadda mai sitaci kan manne a jiki tun kafin azahar. Ku ɗebi kayan auduga marasa nauyi da ƙaramar lema, don ruwa na saukowa ba sallama.

Abin da ya fi damuna shi ne zazzaɓin dengi. Sauronsa da rana yake cizo, gidan sauro kaɗai ba zai wadatar ba, sai an shafa maganin sauro mai sinadarin DEET a hannu da ƙafa. In zazzaɓi ya taso, a sha farasitamol a nufi asibiti. Kada a taɓa asfirin ko ibuprofen, suna ƙara haɗarin zubar jini.

Tramadol da kodin kuwa, in babu takardar likita, a bar su gida. Dokar ƙwaya a can tana da tsanani.