Darasi: Ƙara tsawon kabul mai sulke domin matsar da akwatin wuta na ɗakin waje

A gidaje da yawa na Maradi akwai ɗaki ko shago da ke ware daga babban gini, inda ake ajiye firijin ƙanƙara ko keken ɗinki, kuma wutarsa tana zuwa ne daga kwantar gida, wato mitar wuta, ta cikin kabul da aka binne a tsakar gida. Ana ce wa wannan kabul mai sulke saboda ƙarfen da aka naɗe wayoyinsa da shi a ƙarƙashin baƙar roba, domin kada ɓera ya ci shi ko bakin fartanya ya sare shi. Idan aka ƙara gini ko aka sauya ƙofa, akan so a mayar da akwatin rarraba wuta na ɗakin zuwa wani bango, sai a tarar kabul bai kai can ba.

Wannan aiki na ma'aikacin lantarki ne wanda ya koyi sana'ar, amma ya kamata mai gida ya san abin da zai sa wa ido. Kwanta da hatimin da ke jikinta na Nigelec ne, kamfanin wutar lantarki na Nijar, ba a taɓa su. Kafin a kwance ko da ƙusa ɗaya, a kashe babban makunnin gida, a auna wayoyin da na'urar gwaji, domin wuta mai ƙarfin volt 220 tana kisa, kuma ɗaukewar wuta a unguwa ba hujja ba ce, tana iya dawowa hannu na kan waya.

Idan kabul ɗin gajere ne, ya fi kyau a cire shi a ja sabo tun daga tushe, domin a mahaɗi matsala take farawa. Idan kuwa dole ne a yi ƙari, sabon ya zama daidai da tsohon a kauri, wato mai murabba'in milimita 6 da mai murabba'in milimita 6, tagulla da tagulla. Shuɗiyar waya ta haɗu da shuɗiya, mai kore da rawaya, wadda ita ce wayar ƙasa, ta haɗu da irinta. Abin da masu gaggawa suka fi mantawa shi ne sulken kansa: dole ne a haɗa ƙarfen tsohon kabul da na sabon, a kuma haɗa shi da wayar ƙasa, ta yadda idan wani abu ya huda kabul wuta za ta yanke nan take maimakon ta tsaya a jikin ƙarfen.

Mahaɗin da za a binne sai an sa shi cikin akwatinsa na musamman, wanda ake cika wa da wani danƙo mai daskarewa. Murɗa wayoyi a naɗe su da salatif da leda ha'inci ne, ko da an yi shi da kyakkyawar niyya. Zai yi aiki lafiya da rani, amma ruwan watan Agusta zai same shi. Ƙa'idar Faransa ta NF C 15-100 ta tanadi zurfin santimita 50, ko 85 a inda mota take bi, tare da jar ragar gargaɗi santimita 20 a saman kabul domin mai haƙa ya gan ta kafin ya isa gare shi.

A sabon wurin, akwatin ya zauna a bango busasshe inda yara ba sa kaiwa, kuma a sa masa makunnin kariya mai miliyamfa 30, wanda ke yanke wuta da kansa idan ta zurare. Rairayin Maradi yana bushewa ƙwarai, saboda haka a nemi ma'aikaci ya auna sandar ƙasa, wato ƙarfen da ake kafawa a ƙasa a ɗaura masa wayar ƙasa, da na'ura, kada ya wadatu da kafa ta kawai. Kafin a biya shi, ya danna maɓallin gwajin makunnin a gaban mai gida a ga wuta ta yanke, sannan ya zana hanyar kabul da wurin mahaɗin a takarda, a ajiye ta tare da takardun gida.